Fatalwa a gidan fatoma: sharhi kan shirin Most Haunted

Akwai wani tsohon shirin talabijin na Turawan Ingila da ya samu sababbin 'yan kallo a Sabo tun da waya ta zama talabijin a aljihun kowa. Sunansa Most Haunted, ma'ana wuraren da fatalwa ta fi addaba. In ka wuce majalisar samari bayan isha'i ka ga kawuna huɗu sun haɗu kan waya ɗaya, hoton kore shar, wata Baturiya tana kurma ihu, to shi ne. An fara nuna shi a 2002 a tashar Living TV. Yvette Fielding ce mai gabatarwa, mijinta Karl Beattie ne ke shirya shi, yanzu kuma guntayensa sun cika YouTube. Tsarin ɗaya ne kullum: a je tsohon gini, a ba da tarihinsa a gurguje, a kashe fitilu, a kunna kyamarar da ke gani cikin duhu, sannan a yi ta kiran matattu wai su ƙwanƙwasa tebur in suna nan.

Sun shiga fadoji, sun shiga gidajen yari da gidajen wasan kwaikwayo. Ni dai waɗanda suka tsaya mini a rai su ne na tsofaffin masaukan matafiya, don wannan sana'ar gidanmu ce, a kan saukar da baƙo aka kafa unguwar nan. Kuma abin da nake tuhumar shirin da shi ke nan: sun kwana gidan fatoma, sun nemi ɓarawo, sun nemi gawa, sun fito ba su taɓa tambayar yadda fatoman ya yi rayuwarsa ba.

Bari in fara da mene ne waɗannan masaukai, tunda shirin ba ya tsayawa ya yi bayani. Kafin jirgin ƙasa, wanda zai yi doguwar tafiya a Ingila karusa yake hawa, dawaki huɗu suna ja. Doki kuwa ba injin ba ne, bayan mil 10 ko 15 dole a kwance shi a ɗaura wani. Saboda haka kowace babbar hanya ta cika da gidajen da ke da barga, da ɗakunan kwana, da wurin cin abinci, da faffaɗar ƙofa da karusa za ta shige har tsakar gida. Zango ke nan, ba wani abu ba, sai dai su nasu zangon an gina shi da bulo da katako. A 1784 wani mutum mai suna John Palmer ya shawo kan gwamnati aka fara kai wasiƙu da karusa tsakanin Bristol da Landan, tafiyar ta ɗauki awa 16, abin da a da yake cin fiye da yini da kwana. Daga nan harkar ta haɓaka. Gida ɗaya sai ya ciyar da yaran barga, da maƙera masu yi wa doki takalmi, da kuku, da 'yan aiki mata, da manoman da ke kawo harawa. Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin Liverpool zuwa Manchester ya buɗe a 1830, na Landan zuwa Birmingham a 1838, na Bristol ya kammala a 1841. Cikin shekara ashirin sana'ar ta mutu murus. Garuruwan da ba a iya barci cikinsu saboda ƙarar kofato suka yi tsit.

Ku lura da wannan, jama'a, domin a nan maganar take. Lokacin da bargar ke cike da dawaki, mai masauki ba zai so a ce gidansa yana da fatalwa ba, baƙi za su wuce gidan gaba. Sai da ciniki ya mutu fatalwa ta zama haja. A yau da yawa daga cikin waɗannan gidaje suna sayar da daren farautar fatalwa da tikiti, ɗakin da aka ce ya fi tsoro shi ake fara kamawa. Ban ga laifinsu ba, gyaran rufin ginin da ya shekara 300 ba ƙaramin kuɗi ba ne, mashayun ƙauyen Ingila kuma kullum rufewa suke. Amma mai bincike da ya san abin da yake yi zai fara da tambayar wa ke cin riba in an ce akwai fatalwa. Most Haunted ba ya yin wannan tambayar, don shi ma da shi ake raba ribar.

Mu ɗauki masaukin Ostrich, wato Jimina, a garin Colnbrook kusa da filin jirgin saman Heathrow, kan tsohuwar hanyar Landan zuwa Bath. Yana cikin wuraren da shirin ya ziyarta tun zangonsa na farko. Labarin da ake sayarwa a can shi ne na wani mai masauki, Jarman, da matarsa. Wai suna da wani ɗaki na musamman a saman kicin, gadonsa a kafe kan wata ƙofar ƙasa. In baƙo mai kuɗi ya sauka shi kaɗai sai su ba shi ɗakin, in barci ya kwashe shi su zare sakata, gado ya kife, mutum ya faɗa cikin katuwar tukunyar da ake dafa giya tana tafasa. Da safe in an tambaya a ce ai ya yi sammako. Wai mutum 60 suka kashe a haka, har ran da suka halaka wani attajirin mai sayar da tufa, Thomas Cole, dokinsa ya tsinke daga barga aka gan shi yana yawo, asiri ya tonu.

Labari ne mai daɗi, wallahi, ko a dandali aka ba da shi yara ba za su motsa ba. Matsalar ita ce an san inda ya fito. Yana cikin wani littafin ƙagaggen labari mai suna Thomas of Reading, wanda Thomas Deloney, wani masaƙin siliki mai rubuta waƙoƙin kasuwa, ya rubuta wajen shekarar 1600. A cikin littafin ma sunan masaukin ba Jimina ba ne, sunan wani tsuntsun ne daban. To ka ga, kamar mutum ne ya ɗauki kyamara ya tafi neman kabarin wani daga cikin mutanen Magana Jari Ce, ya kashe fitila yana cewa in kana nan ka yi tari. Duk motsin da aka ji a daren, ko na ɓera ne ko na bututun ruwa, a kan Jarman za a ɗora shi, mutumin da alƙalami ya haifa.

Abin takaicin, akwai gaskiya a cikin tatsuniyar Jarman, kuma ta fi fatalwar nauyi. Me ya sa labarin ya rayu shekara 400? Saboda ya taɓa tsoron da ke zuciyar kowane falke: ka kwanta da dukiyarka a ƙarƙashin rufin wanda ba ka sani ba, a garin da ba ka da kowa. Turawan Ingila sun san wannan tsoro, har suka yi masa doka. Tun ƙarnoni da suka wuce shari'arsu ta ɗora wa mai masauki nauyi biyu. Ba shi da ikon korar matafiyi in akwai ɗaki kuma mutum zai biya, sannan in kayan baƙo suka ɓace a gidansa shi zai biya, ko da ba shi ya ɗauka ba. Sai a 1863 majalisa ta sassauta, ta taƙaita abin da zai biya zuwa fam 30, ban da doki da karusa da abin da aka damƙa masa ajiya hannu da hannu.

Wa zai karanta wannan a Sabo bai tuna maigida ba? Tun da aka yanka mana wurin nan a 1916, mai shanu daga arewa yakan sauka gidan maigidansa, ya ci ya kwana, ya ba shi ajiyar kuɗinsa ba takarda ba shaida. Maigida ya sa dillalansa su sayar wa mahauta bashi, in mahauci ya gudu da kuɗi maigida ne zai tsaya. Haka harkar goro mai tafiya arewa. Mu ba majalisa ce ta rubuta mana ba, suna ne jari, wanda ya ci amanar baƙo sau ɗaya labari zai riga shi isa Kano. Bature Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Wani abin mamaki ma, jirgin ƙasan da ya kashe masaukan Ingila shi ne ya raya namu, don da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano ne shanu da goro suka yawaita a hanya. Da a ce masu shirin sun ba da minti biyar kacal a kan wannan amana tsakanin baƙo da mai gida, da mai kallo ya gane dalilin da ya sa gadon Jarman yake sa tsikar jiki tashi. Sun zaɓi su tsaya a matakala suna tambayar juna ko ka ji wannan.

Sai Dick Turpin. Kai, wannan bawan Allah ya sha aiki bayan mutuwarsa. Masaukin Bell a garin Stilton, kan babbar hanyar arewa, yana cewa fatalwarsa na can. Masaukin Spaniards a Hampstead cikin Landan shi ma yana da'awarsa, ga wasu birjik a tsakani. Da ya kwana duk inda aka ce ya kwana, da bai samu lokacin fashi ba. A bakin masu ba da labari shi jarumi ne mai baƙar goɗiya, Black Bess, wanda ya yi sukuwa daga Landan zuwa York, kusan mil 200, a dare ɗaya. Wannan sukuwar marubuci Harrison Ainsworth ne ya ɗora masa ita a littafinsa Rookwood a 1834, shekara 95 bayan an rataye shi. Turpin na gaskiya an haife shi a 1705 a Essex, ya koyi fawa, ya shiga ƙungiyar ɓarayin barewa da suka koma fasa gidajen manoma da dare. A 1735 sun shiga gidan wani tsoho ɗan shekara 70, suka lakaɗa masa duka, suka zaunar da shi kan wuta don ya faɗi inda kuɗi suke, ɗaya daga cikinsu ya yi wa 'yar aikin gidan fyaɗe. Ƙarshensa ya gudu arewa da sunan ƙarya, aka kama shi bayan ya harbe zakaran wani a titi ya kuma yi wa mutum barazana, bincike ya kai ga satar dawaki. Wasiƙar da ya rubuta daga kurkuku ce ta tona shi, wanda ya koya masa rubutu ya gane hannunsa. Aka rataye shi a York a watan Afrilu 1739. Mu da muke da 'yan uwa direbobin tirela, muka san me ake nufi da a tare hanya da dare, ba ma buƙatar a gaya mana ɗan fashi ba abin ado ba ne. Amma a duniyar farautar fatalwa shi ne babban baƙo, kowane gida yana so a ce nan yake sauka. Waɗanda ya tare kuwa ba wanda ya taɓa kiran sunansu cikin duhu.

Yanzu ga binciken kansa. A shekarun farko tauraron shirin shi ne Derek Acorah, mai cewa yana magana da matattu ta hannun wani ruhi ɗan Habasha da yake kira Sam. Yana shiga ɗaki sai ya runtse ido, ya fara kawo sunaye, wani lokaci ruhin ya hau kansa, murya ta canza, ya yi ta zage-zage sai an riƙe shi. Duk wanda ya taɓa ganin hawan bori zai ce ai mun san wannan, sai dai shi ba garaya. A 2005 masanin halayyar ɗan Adam da ke cikin tawagar, Ciarán O'Keeffe, ya ɗana masa tarko. Ya ƙirƙiro wani mai gadin kurkuku ɗan Afirka ta Kudu da bai taɓa wanzuwa ba, ya sa masa suna Kreed Kafer, ya sa aka ambaci sunan inda Acorah zai samu labari kafin su shiga gidan yarin Bodmin. Ana fara ɗauka sai ga Kreed Kafer ya hau kan Acorah. Sunan kuwa haruffan sunan Derek ne da kalmar Turanci mai nufin mayaudari aka hautsina. Aka sake gwada shi da wani ɗan fashin ƙarya, Rik Eedles, shi ma ya hau. Jaridar Daily Mirror ta buga labarin. Acorah ya musanta cewa yana yaudara, amma a shekarar ya bar shirin, ya rasu a 2020. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Birtaniya, Ofcom, da aka kai mata ƙorafi sai ta wanke shirin da wani irin wanki mai ciwo. Ta ce ai nishaɗi ne, ba bincike ba ne na gaske, don haka ba a yaudari kowa ba.

Na'urorin da su da masu kwaikwayonsu suke yawo da su ma haka ne. Akwai 'yar na'urar da fitilunta ke walƙiya, wai ruhi ya matso. Aikinta na asali auna ƙarfin lantarkin da ke fita daga waya da injuna ne, a gidan da ke da firji da tsofaffin wayoyin wuta a bango ba abin da zai hana ta walƙiya. Ana cewa ɗaki ya yi sanyi farat ɗaya, a ginin da iska ke shiga ta kowace kafa. Ɗigon haske da ke yawo a hoto ƙura ce ta gifta kusa da idon kyamara. Katako kuwa in rana ta faɗi ya huce dole ya yi ƙara, mai rufin kwano ya san wannan. Baƙon da ya ce ya farka tsakar dare an danne masa ƙirji, ya kasa motsi, ya ga mutum tsaye a gefen gado, mu sunan abin dannau, likitoci kuma sun san shi, jiki ne ke barci ƙwaƙwalwa ta riga shi farkawa, kuma ya fi kama mai gajiya da wanda ya kwana baƙon wuri. Wato matafiyi. Gwaje-gwajen masana irin su Richard Wiseman sun nuna yanayin wuri, duhunsa da iskarsa, da abin da mutum ya shigo da shi a ransa, suna da hannu a abin da yake ji. Ka gaya wa mutum an dafa baƙi 60 a ƙarƙashin gadon nan, sannan ka kashe fitila, me kake jira?

Kada a ce na ce babu gaibu. Mun yi imani da aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya ƙwanƙwasa tebur don ma'aikatan talabijin sun matsu su tashi aiki. Samarinmu da suka fara sha'awar zuwa kangon gini da waya su yi irin nasu, su san cewa abin da suke kwaikwayo masu shi ma hukumarsu ta ce wasa ne.

In za a yi adalci, shirin yana da abin yabo. Tsoron Yvette Fielding ba ya kama da na ƙarya, kuma yana da wuya ka kalle ta ba ka ji naka gaban ya faɗi ba. Minti goman farko, kafin a kashe wuta, nan ne amfanin yake. Za ka ga ƙofar karusa, da barandar katako, da matakalar da ƙafafu suka cinye, da murhun da mutum zai iya tsayawa a ciki. Wanda ba zai taɓa zuwa Rye ya ga masaukin Mermaid ba, inda 'yan fasa-ƙwaurin Hawkhurst suke zama a shekarun 1730 da 1740, ya gan shi a nan. Sai dai da zarar hoton ya koma kore, duk gidajen sun zama gida ɗaya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Jamaica Inn, don nan ne suka samu labarin da ya cancanci a tsaya masa. Masaukin yana tsakiyar dajin Bodmin a Cornwall, fili ne fetal mai hazo da fadama, an gina shi a 1750 don masu ratsawa tsakanin Launceston da Bodmin, aka ƙara masa barga da rumfar karusa a 1778. Sunansa ya zaga duniya ne saboda littafin Daphne du Maurier na 1936 da fim ɗin da Alfred Hitchcock ya yi da shi a 1939, saboda haka a nan ma rabin abin da baƙi ke zuwa nema daga alƙalami ya fito. Ana danganta sunan gidan da iyalin Trelawny na yankin, waɗanda suka yi gwamna a Jamaika lokacin da bayi 'yan Afirka ke noma rake a can. Edward Trelawny shi ne ya yi sulhu da bayin da suka tsere suka yi tawaye ƙarƙashin Cudjoe a 1739, shekarar da aka rataye Turpin. In matattu ake nema a bayan wannan suna, ga su nan dubbai, ba wanda ya kunna musu na'ura.

Fatalwar da gidan ya fi shahara da ita kuwa ba ta da suna. Ana cewa wani baƙo ne yana zaune yana shan abin shansa, aka kira shi waje, ya ajiye kofin da rabi a ciki ya fita. Washegari aka tsinci gawarsa a daji. Ba a san wa ya kira shi ba, ba a san wa ya kashe shi ba. Daga baya mutane suka riƙa cewa suna ganin wani mutum zaune kan katangar ƙofar gidan, ba ya magana, ba ya amsa gaisuwa. Wannan labarin ya fi na Jarman da na Turpin taɓa ni, don ba shi da ado, kuma tambayoyin da yake tayarwa namu ne. Daga ina ya taso? Wa ke jiransa a gida? Wa ya yi masa sutura, kayansa kuma hannun wa suka faɗa? A gidan maigida na Sabo waɗannan tambayoyin suna da mai amsa su, don in baƙo ya rasu a hannunka kai za ka tsaya a yi masa wanka da salla, ka ƙirga abin da ya bari a gaban shaidu, ka aika wa magadansa da na farko da zai hau arewa. Cornwall ma tana da littattafan coci da ake rubuta duk wanda aka binne, har baƙon da ba a san sunansa ba, tana da takardun masu binciken mutuwar da ba a gane kanta ba, da tsofaffin jaridu, duk a ajiye a ma'adanar tarihi. Mai bincike na gaske can zai kwana, da fitila a kunne, ya ga ko an taɓa tsintar gawar matafiyi a kusa da Bolventor, a wace shekara, kuma wa ke riƙe da masaukin a lokacin. Aikin mako guda ne ko biyu, ba ihu a ciki, kuma ba za a samu masu talla su saya ba.